Shirun da Na Yi a Kasuwar Maigatari

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Akwai mutanen da na yi wa aski shekara ashirin, yau in an ambace su sai in yi ta laluben fuskarsu in rasa. Amma akwai wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari da tsufa ya kasa taɓawa, kuma na tabbata da ita za a sa ni a rami. Ban yi wani laifi da hannuna a ranar ba. Shiru kawai na yi, shirun da bai wuce a kurɓi ruwa a ajiye ƙwarya ba.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, a Gumel aka haife ni. Lokacin da abin ya faru Turawa sun riga sun zauna, ana jin labarin jirgin ƙasa a Kano amma ba a ja layin dogo ta Gagarawa ba tukuna, asibiti kuwa sai dai a ji a bakin matafiya. Duk wanda haƙori ya hana sakat, ko bakinsa ya kumbura, ko dabba ta harbe shi a fuska, wurin irinmu yake zuwa. Wanzamai suna da yawa a garin, kowa da inda ya fi ƙwarewa: wani ƙaho, wani kaciya, wani cire beli. Gidanmu da aikin baki aka san shi. Mahaifina ya bar mini zabira, da awartakin cire haƙori da wani maƙeri ya ƙera masa, da kuma suna. Ina da shekara talatin da 'yan kai, in na shiga kasuwa ana nuna ni, ni kuwa ina jin daɗin nunin nan fiye da yadda ya kamata.

Masu koyo uku ne a hannuna. Biyu 'ya'yan dangi ne, suna koyo don gado ya ce su koya. Na ukun shi ne labarin. Bafulatani ne daga wajen Sule Tankarkar, magidanci, kusan sa'ana, wanda ciwo ya shiga garkensa ya share shanun a damina guda. Na fara ganinsa ranar da ya kawo mahaifiyarsa na cire mata turmi, babban haƙorin nan na can ciki. Yana tsaye yana kallon hannuna, ko ƙifta ido ba ya yi. Bayan mako biyu ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa a zaure ya ce, “Maigida, ni ba ɗan gado ba ne, na sani. Amma ba ni da saniya ko ɗaya, ga iyali. In za ka koya mini abin da zan ci abinci, zan yi maka biyayya iyakar ƙarfina.” Na yi dariya a raina, na ce hannun da ya saba da sanda da igiya me zai yi da aska? Na karɓe shi don tausayi, ko kuma, in faɗi gaskiya, don a ce na yi tausayi.

A zaure nake koyarwa da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofa, domin baki rami ne, in babu haske kai da makaho ɗaya. Nakan sa a karɓo mini kan rago wurin mahauta, a dafa har nama ya saki, in ɗora ƙoƙon a tabarma in nuna musu yadda muƙamuƙin ƙasa ke rataye a gaban kunne, da yadda yake juyawa a mazauninsa. In ba su awartaki su yi ta cire haƙoran ragon, wanda ya bar saiwa a ciki ya sake. Na koya musu su bambance haƙori mai kogo da dasashi mai zubar jini, su san kumburin da ya nuna a tsaga mugunya ta fita, da wanda bai nuna ba a bar shi da ruwan ɗumi da gishiri. Na nuna musu inda kanumfari ke aiki da inda sai bagaruwa. Har wari na koya musu, don kowane ciwon baki da irin nasa. Akwai wanda ke cin kumatun yara bayan ƙyanda, in ka shaƙe shi sau ɗaya ba ka sake mantawa, kuma in ka ji shi ka gaya wa iyaye gaskiya, kada ka yi musu alkawarin abin da ba a hannunka yake ba.

'Ya'yan dangin nan sai na faɗi abu sau uku. Shi sau ɗaya. Ashe shekarun da ya yi yana buɗe bakin shanu, yana ɗura wa maruƙa magani, ba su tafi a banza ba. Ni sauri gare ni, ina alfahari da cewa kafin mutum ya gama salati haƙorinsa yana ƙasa. Shi kuwa sai ya dafa kafaɗar mutum, ya yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa irin yadda ake lallashin saniya mai tsoro, har ka ga jikin mutumin ya saki, sannan ya sa ƙarfe. Da farko abin burge ni yake yi. Har nakan ce wa abokaina, “Ku zo ku ga abin da na yi da makiyayi.” Ku lura da maganar: abin da na yi. Muddin ana ganinsa a matsayin aikin hannuna, ina ƙaunarsa.

Abin ya juya a shekararsa ta biyu. Na tafi Gagarawa yi wa wani mai gari ƙaho, na kwana biyu. A bayana ana biki a unguwarmu, wata tsohuwa mai guɗa ta buɗe baki ta rangaɗa, bakin ya ƙi rufuwa. Muƙamuƙinta ya goce. Aka yi ta tofi, wasu na cewa iska ce, yawu na zuba a zaninta. Aka zo nemana ba na nan, sai shi. Na riga na koya masa gyaran gocewa: ka naɗe manyan yatsunka da tsumma don kada a cije ka, ka ɗora su kan turamen ƙasa, ka danna ƙasa sannan ka tura baya. Ya yi haka, muƙamuƙi ya koma ƙwas. Kun san bakin mai guɗa. Kafin in dawo babu gidan biki ko gidan suna da ba ta kai labarin ba. Ita ta laƙaba masa “mai sanyin hannu”, sunan kuwa ya bi shi.

Daga nan sai mutum ya shigo zaurena, ya gaishe ni da ladabi, ya zauna a tabarmata, sannan ya waiga ya ce, “Ina mai sanyin hannun?” Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar a zuba maka barkono a ido a ce ka yi murmushi. In yana aiki sai in tsaya a kansa ina neman kuskure, in na rasa in ce ya cika nawa. In ya yi dariya da mara lafiya in ce raini ne. Shi kuwa bawan Allah bai sauya ba ko kaɗan. Shi ke share zaure, shi ke wasa aska, duk wanda ya yabe shi sai ya ce, “Hannun maigida ne, ni aro aka ba ni.” Wannan ma haushi yake ba ni. Da ya yi girman kai ai da na samu dalili.

Mahaifiyata tana raye lokacin, tsohuwa ce mai ido. Wata rana na shiga cikin gida ta miƙo mini fura, na kurɓa na ture, na ce ta yi tsami. Ta dube ni ta ce, “Ba furar ce ta yi tsami ba. Ubanka ma ya koyar da mutane, wasu sun fi shi, ban taɓa ganin ya rame ba. Kai tun kaka kake ramewa.” Na ce, “Inna, aiki ne ya yi yawa.” Ta ce, “To, Allah ya rage aikin.” Ta ɗauke ƙwaryarta.

Saura darasi guda ban ba shi ba, wato karayar muƙamuƙi. Gocewa da karaya a ido kamar tagwaye suke: baki a sake, yawu na zuba, mutum ba ya iya magana. Amma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Gocewa dannawa take so, karaya kuwa in ka danna ka raba ƙashin biyu. Da abu kaɗan ake gane ta. Ka bi jerin haƙoran ƙasa da ɗan yatsa, in ka ji wani wuri ya yi tudu da kwari, in ka ɗaga harshe ka ga jini ya taru baƙi a ƙarƙashinsa, in ka taɓa leɓen ƙasa mutum ya nuna bai ji ba, to cire hannunka. Magana ce da ba ta wuce a gama ta tsakanin azahar da la'asar ba. Na riƙe ta. Da bakinsa ma ya tambaye ni, muna wanke ƙaho, ya ce, “Maigida, in ƙashin ne kansa ya fashe fa, yaya ake sani?” Na ce, “Ba a kai nan ba. Mai gaggawa ba ya zama wanzami.” Ya ce, “Gaskiya ne, maigida,” ya sunkuyar da kai. A raina na ce ko ba komai ya rage abu guda da dole sai an neme ni.

Kowace Alhamis muna cin kasuwar Maigatari. Mukan tashi daga Gumel bayan asuba a kan jakuna, mu isa hantsi ya ɗaga, mu shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Kasuwa ce mai tara mutane iri-iri: Buzaye da raƙuma da kanwa, mutanen Damagaram da dabino, Fulani da shanu, manoma da gero. Ranar nan muna cikin aski, azahar ta kusa, sai muka ji kururuwa daga wajen dawaki. Aka taho da wani mutum a rirriƙe, farar rigarsa ta rine da jini. Ladanin wani ƙauye ne ta wajen Gagarawa, mai kimanin shekara hamsin, ya zo sayen jaki. Carbinsa ya faɗi a bayan wata goɗiya da aka ɗaure, ya sunkuya zai ɗauka, ta harbe shi a gefen haɓa.

Ƙaninsa ne ke gaba, yana haki. Ya iso tabarmarmu, ya dube ni, ya dubi mutumin nawa, ya ce, “Wane ne mai sanyin hannu a cikinku? An ce mu kawo masa.” A gaban kasuwa. Ni ina zaune, aska a hannuna, zabirar ubana a gefena.

Aka zaunar da ladan ya jingina da tsamiya. Daga inda nake na hango abin da na hango. Bakin a sake yake, amma haɓar ta ɗan karkata, kuma da ya yi nishi harshensa ya ɗaga na ga baƙin jini a ƙarƙashi. Ban buƙaci sa yatsa ba. Karaya ce, amma tsagewa ce kawai, ƙashin bai rabu ba. Irin wadda in an haɗa haƙora an ɗaure da rawani, bayan wata guda mutum ya ci tuwonsa.

Mutumin nawa ya durƙusa a gabansa, ya naɗe yatsunsa da tsumma. Sai ya tsaya. Wani abu bai kwanta masa ba, na gani a fuskarsa. Ya juyo gare ni ya ce a hankali, “Maigida, gocewa ce, ko?”

“A'a” kawai ta rage in ce. Tana kan harshena. Amma maganar ƙanin ladan tana yi mini amo a kunne, mutane sun kewaye mu, duk idonsu a kansa. Sai na ci gaba da goga aska a tafin hannuna, na yi kamar hayaniya ta hana ni ji. Ya sake kallona. Na ɗauke kai. Ya ɗauki shiruna izini ne, domin haka na saba masa: in daidai yake ba na cewa komai. Ya yi bisimilla ya danna.

Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Ladan ya yi wani irin gurnani, ya zame ya suma. Jini ya ɓalle, ƙashi ya tsaga dasashi ya leƙo, turmi guda ya faɗo. Mutumin nawa ya ja da baya yana kallon yatsunsa, yana salati, Fulatanci da Hausa suna cakuɗe masa a baki.

Sai a lokacin na miƙe. Na ture shi, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Kauce! Karaya ake dannawa?” Na kwantar da ladan ta gefe don kada jini ya shaƙe shi, na toshe da auduga, na lallaɓa ƙashin ya koma iyakar yadda zai koma, na haɗa haƙoran ƙasa da na sama, na warware rawanina na ɗaure haɓa da kai. Hannuna bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Ina ji ana cewa, “Gado ba wasa ba.” Wani ya ce, “Ai makiyayi sai sanda.” Abin da na yi watanni ina ƙishirwar ji ke nan. Na ji shi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi mini daɗi.

Ladan ba zai iya kaiwa Gagarawa ba, sai na ce a kawo shi gidana, nan ma aka yi ta sa mini albarka. Daɗin nan ya raka ni har wajen rabin hanyar Gumel. A nan na waiwaya. Na ga mutumin nawa ya bar jakinsa, yana tafe a ƙasa cikin rairayi, ya tallafe bayan ladan da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe masa kai don kada tafiyar jaki ta girgiza ƙashin. Hawaye na bin gemunsa, ba shi da hannun sharewa. A nan daɗin ya mutu, bai sake tashi ba.

Raunin ya ɓaci, yadda duk karayar da ta fasa nama take yi. Zazzaɓi ya kama ladan, fuska ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, mugunya na fita, zaure ya ɗauki wari. Ta gurbin turmin da ya faɗi muke zura ɗan siririn kara mai rami ya tsotsi kunu. Mu wanke da ruwan bagaruwa safe da yamma. Na ce “mu”, amma yawanci shi ne. Ya tare a zauren, shi ke dama kunu, shi ke share yawu, shi ke kama ladan ya yi taimama. Aska kuwa ya ƙi taɓa ta. In an zo neman mai sanyin hannu sai ya shige bayan gida. A mako na uku wani ɗan guntun ƙashi da ya mutu ya fito da kansa, kumburin ya fara saɓewa. Ƙanin ladan yakan zo duk Juma'a. Shi ya gaya mini tun suna samari yayansa ke kiran sallah a ƙauyensu, mutanen da ke can gonaki masu nisa da muryarsa suke sanin lokaci. Ya ce, “Kullum tambayata suke yaushe zai dawo.” Na ce, “Sai yadda Allah ya yi.”

Kwana ashirin da uku da faruwar abin, bayan la'asar, ina zaune a zaure, ladan na kwance a gefe, sai mutumin ya shigo da 'yar zabirar da na ba shi. Ya ajiye ta a gabana, ya durƙusa kamar ranar da ya fara zuwa. Ya ce, “Maigida, in Malam ya warke zan koma gida. Gara in yi ƙodago a gonar mutane. Hannun nan mugu ne. Ka ce mini ba a kai nan ba, na yi gaggawa, na nakasa bawan Allah, na zubar maka da mutunci a kasuwa. Ka yafe mini.”

Ni ake roƙon gafara. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Na tsaga maruru ba iyaka a jikin mutane, ina ce musu su daure, amma nawa na yi kwana ashirin da uku ina rufe shi da riga. Na dube shi. Na ce, “Na ji ka.”

Ya ɗago ya ce, “Na'am?”

Na ce, “A Maigatari. Na ji tambayarka. Na san karaya ce tun kafin ka naɗe yatsa.”

Ya daɗe yana kallona kamar bai san Hausa ba. Sannan ya ce, “Don me?”

Na ce, “Don sun ce mai sanyin hannu.”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya shimfiɗa tafin hannuwansa a gabana ya ce, “Tun ranar nan ban ɗauki ɗana da hannun nan ba. In zan ci abinci sai na kau da kai.” Ya janye hannuwan. Can ya ce, “Da ni kaɗai ka yi wa, maigida, da na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ba bakina ba ne ya karye.” Ya tashi ya fita, ya bar zabirar a nan.

Na juya sai na ga idon ladan a buɗe. Ya ji komai. Rawanina ya ɗaure masa baki, ido kaɗai ke gare shi, kuma da shi ya yi mini magana. Washegari mutumin ya dawo da kunu, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, bai ƙara ko kalma ba. Ni kuwa kullum sai na durƙusa gaban ladan na duba ɗauri, na wanke rauni, idon nan yana kaina. Bai taɓa ture hannuna ba. Da ya ture da na ji sauƙi.

Ranar arba'in da hantsi na kwance ɗaurin. Ƙashi ya kama, amma a karkace. Haƙoran gefen hagu ba sa haɗuwa, leɓen ƙasa ya mutu, ba ya jin ko yawun da ke bi ta kai. Ya motsa bakin a hankali, ya nemi ruwa ya yi alwala. Sannan ya fuskanci gabas a zaune, ya gwada kabbara ƙasa-ƙasa. Ta fito, amma a murguɗe, ba wadda za ta kai gona ba. Ya sake gwadawa. Ya sunkuyar da kai ƙasa.

Can ya ce, “Wanzami, matso.” Maganar tana fita da ƙyar, sai ka kasa kunne. Ya ce, “Kwana goma sha bakwai ina so in tsine maka, Allah ya ɗaure mini baki. Yau an kwance, na duba tsinuwar na ga ba za ta miƙe mini ƙashi ba. Na yafe, amma da sharaɗi. Kira su duka ukun. Abin da ka ɓoye, ka faɗe shi yanzu, a bakina. Tun da an riga an ɓata shi, ya yi wa wani amfani.”

Na kira su. Ladan ya matsa inda rana ke shigowa, ya buɗe baki iyakar yadda zai iya. Na faɗi komai: tudu da kwarin haƙora, jinin ƙarƙashin harshe, mutuwar leɓe, yadda ake haɗawa, yadda ake ɗauri, kwana nawa. Ban rage ko ɗaya ba. 'Ya'yan dangin suka sa yatsa ɗaya bayan ɗaya suka ji. Da aka zo kan mutumin Sule Tankarkar sai ya noƙe. Ladan ya kama tsintsiyar hannun da kansa, ya ja, ya ɗora yatsan a kan gurbin karayar. Mutumin ya rufe ido, ya bi jerin haƙoran a hankali, ya tsaya. Ya ce, “Na ji tudun.” Ladan ya saki hannun ya ce, “To, kada ka sake tambayar kowa. Ɗauki zabirarka.” Ya ɗauka.

Ladan ya koma ƙauyensu, amma bai sake hawa kiran sallah ba, wani aka ba. Har ya rasu tuwonsa sai an jiƙa shi da miya ya yi laushi. In aiki ya kai ni Gagarawa nakan ratsa in gaishe shi, ya sa a shimfiɗa mini tabarma, mu yi hira, bai taɓa tayar da maganar ba. Ina kallon bakin yana magana, ba na buƙatar a tayar.

Mutumin nawa ya zauna har aka cire amfanin gona, ya kwashe duk abin da na sani, ya koma Sule Tankarkar. Ya fi ni, nesa ba kusa ba. Har daga ƙetaren iyaka ana kawo masa masu karaya. Da mahaifiyata ta rasu ya zo da ƙafa ya yi kwana uku. Har ya bar duniya maigida yake ce mini, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba, ni ne yau nake faɗa. Amma dariyar da muke yi da can muna wanke ƙaho ba ta dawo ba, ban kuma nemi ta dawo ba. Kada ku ce hassadar ta fita daga raina a rana ɗaya. Shekaru bayan nan in aka yabe shi a gabana sai in ji ta ɗan motsa. Bambancin kawai na riga na ga fuskarta, in ta motsa sai in ce da babbar murya, “Ya fi ni,” ta koma ta kwanta.

Daga shekarar nan duk wanda ya zo koyo wurina, kafin in ba shi aska, kafin ya taɓa awartaki, karayar muƙamuƙi nake fara koya masa. Wasu wanzaman suna cewa na juya karatu, na fara daga ƙarshe. Ban damu ba. Abin da na koya shi ne, ilimin da ke hannun mai magani ba nasa ba ne, ba kuma na almajirinsa ba, na mara lafiyan da bai zo ba tukuna ne. In ka ɓoye shi don ka rage wa wani tsawo, ba wanda kake hassada zai ji ciwon ba. Ni abokin sana'ata na auna, wanda na samu kuwa mutum ne da bai san ni ba, ya fito daga gidansa lafiya lau zai sayi jaki.